Wasiƙa Daga Cheras: Dalar Gyaɗa, Gonar Manja da Kuɗin Agaji

Mu nan alhamdu lillahi, sai dai ruwan sama da ba ya ɗaga mana ƙafa, kusan kullum da la'asar sai ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na san na kwana biyu ban rubuto ba, a yi mini afuwa.

Abin da ya tayar da wasiƙar yau saƙo ne daga ƙanwata. Kun san ta yi shekaru tana aiki a wata cibiyar kula da yara masu tamowa a jihar Katsina, tana auna damtsen yara, tana raba wa iyaye mata abincin nan na gyaɗa da ke zuwa cikin 'yar leda. A 2025 kuɗin da ke zuwa daga waje ya tsaya, aka rage ma'aikata, ragin ya haɗa da ita. Ba kukan albashi ta yi mini ba. Cewa ta yi: "Yaya, tun kafin a haife mu ake ba mu agaji, me ya sa har yau in aka janye hannu wata ɗaya sai yara su fara mutuwa? Su mutanen da kake zaune cikinsu yaya suka yi?" Na yi mako biyu ina juya wannan tambaya. Ga abin da na iya tattarowa, na ga ya fi kyau kowa ya ji.

Bari in fara da inda nake zaune. Cheras yanki ne a kudu maso gabashin Kuala Lumpur. A da ramukan haƙar kuza ne da gonakin roba, yanzu kuwa benaye ne da jirgin ƙasa na zamani. Unguwar da ke kusa da mu sunanta Bandar Tun Razak, an sa mata sunan Abdul Razak Hussein, firayim ministan Malesiya na biyu, wanda ya yi mulki daga 1970 zuwa rasuwarsa a 1976. A ƙaramin masallacin unguwarmu akwai wani dattijo da muke kira Pak Cik, wato kamar mu ce Kawu. Shi ya fara buɗe mini ido. Ya ce mahaifinsa ba shi da ko taƙi ɗaya na ƙasa, ƙodago yake yi a gonar wani, har ranar da aka ɗora su a bayan babbar mota aka kai su Jengka a jihar Pahang, aka nuna musu gidan katako da gona. Zan dawo kan wannan.

Kafin nan, in gyara wata magana da muka saba yi a majalisa. Kullum sai ka ji an ce wai 'yan Malesiya sun zo Nijeriya bayan samun 'yancin kai sun ɗauki irin kwakwar manja, yanzu sun fi mu. Gaskiya ne asalin itacen daga Afirka ta Yamma yake. Amma tun 1848 aka kai tsiro 4 lambun Bogor a tsibirin Java, kuma gonar kasuwanci ta farko a Malaya an kafa ta ne a 1917 a Tennamaram ta jihar Selangor, a hannun wani Bafaranshe, Henri Fauconnier. An yi musayar iri da bincike daga baya, har a farkon shekarun 1980 suka ɗauko wani ɗan ƙwaro daga Kamaru da ke taimaka wa itacen wajen barbara. Abin nufi dai, iri yana hannunsu da daɗewa, kamar yadda yake hannunmu. Bambancin yana wajen abin da aka yi da manomi.

Mu da su Bature ɗaya ne ya mulke mu. Sun sami 'yanci ran 31 ga Agustan 1957, mu kuma ran 1 ga Oktoban 1960. Su an ɗora su kan roba da kuza, mu a Arewa an ɗora mu kan gyaɗa da auduga da fata, mu ma da kuzarmu a Jos. Kada wani ya zaci su masu kuɗi ne tun asali. A 1970 ƙididdigar gwamnatinsu ta nuna kashi 49 cikin 100 na gidajen Malesiya ta Yamma matalauta ne, mafi yawansu Malayawan ƙauye masu noman shinkafa, masu tatsar roba da masunta.

To mu dawo gida. Tun 1910 Turawa suka yi dokar da ta mayar da dukkan ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Su auduga suke so don masaƙun Lancashire, amma manomin Kano ya yi lissafinsa ya ga gyaɗa ta fi riba, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Daga 1912 ciniki ya buɗe, fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga tsakani, har aka kai ga dalar gyaɗa da muke gani a hoto muna alfahari. Sai dai akwai ɗaya gefen. Haraji ya koma na tsabar kuɗi, ba a karɓar dami. Ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, sai an biya. Da fari ya zo a 1913, ya tarar da rumbuna da sauƙin kaya, aka shiga yunwar 1914 wadda tsofaffi ke kira Kakalaba. Wani masani, Michael Watts, ya yi bincike a ƙasar Katsina ya fitar da littafi a 1983, inda ya nuna cewa fari ya daɗe yana zuwa ƙasar Hausa, amma haraji da bashi da kasuwar waje su suka kassara hanyoyin da mutane ke kare kansu da su.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin mulkin mallaka ta karɓe sayen amfanin gona. A 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa, a 1954 ta koma hannun Jihar Arewa. Ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje, ita ke yanke farashi tun kafin kaka. An ce don a kare manomi ne in kasuwar duniya ta faɗi. Amma a yawancin shekaru abin da ake ba shi ya gaza farashin duniya nesa ba kusa ba, rarar kuma a shekarun farko an ajiye kaso mai tsoka daga cikinta a London. Ku lura da wannan, jama'a: a daidai lokacin da Ingila ke shelar dokokinta na 1940 da 1945 na tallafa wa ƙasashen da take mulka, gumin manomin Bichi da Ɗambatta yana can yana tallafa wa fam ɗin Ingila. Ba zan yi ƙarya in ce ba a yi komai da kuɗin ba. Bayan da suka dawo hannun gwamnatin Sardauna an yi aiki da su, har da masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957. Amma ƙalilan ne ya koma gonar da ya fito. Marigayi kakanmu, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekara da shekaru yana kai gyaɗa kan sikeli a bisa jaki, ya rasu da fartanyar da ya gada.

Akwai wani gwaji da ya kamata mu sani. A 1949 wani kamfanin raya ƙasashen mulkin mallaka na gwamnatin Ingila ya buɗe babbar gona a Mokwa, aka kawo taraktoci, aka gina ƙauyuka, aka nemi manoma su zo su zauna. Sharaɗin shi ne kamfani ya ɗauki kashi 2 cikin 3 na amfani, manomi ya tsira da 1, gonar kuma ba tasa ba ce. Mutane suka ƙi zuwa yadda ake so, waɗanda suka zo ma ba su sa rai ba. Zuwa 1954 kamfanin ya tattara ya bar wurin. Wa zai kashe kansa a gonar aro?

Yanzu ku dubi abin da aka yi a nan. Su ma an tatsi manominsu, ana cire wani kaso a kan duk robar da aka fitar. Amma daga 1952 aka ware wani ɓangare cikin asusu na musamman, wanda ake mayar wa manomi don ya sare tsofaffin itatuwa ya dasa sabon iri mai yawan ƙaro da cibiyar bincikensu ta fitar. A 1973 aka kafa hukumar RISDA don ƙananan manoman roba kaɗai. Sannan ga FELDA, wadda aka kafa a 1956. Aikinta ta share daji, ta dasa roba ko manja, ta gina gida da makaranta da asibiti da masallaci, ta zaɓo magidanta marasa gona ta ba kowa kimanin eka 10. Ba kyauta ba ce. Ana rubuta masa bashi, ana cirewa daga amfanin gona a hankali har kimanin shekara 15, in ya gama a miƙa masa takardar mallaka. Kafin a daina ɗaukar sabbin mutane a 1990, iyalai fiye da 100,000 sun samu. A 1966 Malesiya ta wuce Nijeriya wajen fitar da manja. Pak Cik ya ce ranar da mahaifinsa ya karɓi takardar nan, sai ya naɗe ta cikin leda ya sa a ƙasan akwati tare da takardar aurensa.

Ina kuɗin waje a cikin wannan labari? Yana nan. Bankin Duniya ya ba da rance don aikin Jengka daga 1968. Sun shiga shirin Colombo, wanda ya kai ɗalibansu Ostareliya da wasu ƙasashe. 'Yan sa-kai na Amurka sun koyar a makarantunsu daga 1962 zuwa 1983, kamar yadda suka koyar a namu. Japan ma ta ba su rance mai sauƙi. Amma kuɗin ya zo ya tarar da tsari ne a ƙasa, kamar ruwan da ya tarar da kunya an riga an yi ta. Tun Razak, tun yana ministan raya karkara daga 1959, ya fito da abin da suke kira Jan Littafi, inda kowace gunduma ke rubuta ayyukan da take buƙata, da ɗakin sa-ido mai taswira a bango. Ya kan faɗo wa jami'in gunduma ba sanarwa, ya tambaye shi ina rijiyar da aka rubuta. A 1963 kuma suka kafa asusun adashin alhazai, wanda ya zama Tabung Haji, bisa shawarar masanin tattalin arziki Ungku Aziz, wanda ya lura cewa talakawa na sayar da gona da dabba don zuwa Makka su dawo ba su da komai. Wato jarin da muke ta nema a waje, su sun fara tono shi ne daga ƙarƙashin matashin tsofaffinsu. Kuma sai da jini ya zuba kafin su ƙara ɗaure ɗamara: rikicin ƙabilanci na 13 ga Mayun 1969 a wannan birni shi ya haifar da sabon tsarin tattalin arziki na 1971. Zuwa 1990 talauci ya sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100.

Mu kuma a waɗannan shekaru me ya faru? Farin 1972 zuwa 1974 ya zo, cutar kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, dala ta ɓace. Ba wanda ya damu sosai, domin farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo daga 1973. Kuɗi ba su yi mana ƙaranci ba. Bankin Duniya ya shigo da ayyukan raya noma a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, aka yi hanyoyin karkara da rumbunan taki, sai dai masu bincike da yawa sun nuna cewa manyan manoma da masu hanya su suka fi kwasar takin da rancen. Madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara da kuɗin fetur ɗinmu aka gina ta, ba da agaji ba. Aka karɓe gonakin mutane, diyya ta maƙale, da suka tare hanya sai 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a watan Afrilun 1980. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin kuwa suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Ku kwatanta: a Jengka ana miƙa wa marar gona takarda, a Bakolori ana raba mai gona da gonarsa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sake damƙa ƙasa a hannun gwamna, har yau kuma mafi yawan manomanmu ba su da wata takarda da za su nuna a banki ko a kotu.

Da fetur ya faɗi, bashi ya taso. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo SAP bisa tsarin Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Aka rushe hukumomin sayen amfanin gona ba tare da an sa wani abu a madadinsu ba, aka karya darajar naira, aka matse kuɗin asibiti da makaranta. A hankali masaƙun Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka riƙa rufewa, ga rashin wuta, ga kayan fasa-ƙwauri. A 1998, da guguwar tattalin arziki ta kaɗa ƙasashen Asiya, Mahathir Mohamad ya ƙi karɓar rancen Asusun, ya hana fitar da kuɗi barkatai, ya ɗaure ringit a kan 3.80 a dala har zuwa 2005. Ya iya yin haka ne saboda yana da abin dogaro a gida. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski. A 2005 ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris ta yafe wa Nijeriya dala biliyan 18, mu kuma muka biya sama da biliyan 12 cikin 'yan watanni.

Wannan shekara ta 2005 ba zan manta da ita ba, saboda dangin Inna da ke Maraɗi. A watan Yuli shugabannin ƙasashe 8 masu ƙarfi sun taru a Gleneagles ta Sikotilan suna alkawarin ninka agajin Afirka, a watan nan kuma gidajen talabijin na duniya ke nuna yaran Maraɗi fata da ƙashi. An ɗora laifin kan fārā da ƙarancin ruwan 2004. Amma Maraɗi ita ce rumbun Nijar, kuma hatsi na nan a kasuwa. Kuɗin saye ne babu. Talaka ya sayar da geronsa da arha tun kaka don ya biya bashi, da bazara kuma farashi ya ninka. Da farko hukuma da masu ba da agaji suka tsaya kan a sayar da hatsi da rangwame, wai kada rabon kyauta ya ɓata kasuwa, sai da abin ya yi muni aka fara rabawa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubun-dubatar yara a shekarar. Da me? Da wannan abincin gyaɗa na leda, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996. Jikokin masu dalar gyaɗa ke nan ake ceto da gyaɗa. Amartya Sen ya faɗi wannan tun 1981: yunwa ta kan kashe mutum abinci na gabansa, in ba shi da ikon mallakarsa.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba na cikin masu cewa agaji banza ne. Da taimakon waje aka kawar da agana daga duniya a 1980, aka tabbatar da ƙarewar kurkunu a Nijeriya a 2013, da shan-inna ta daji a 2020. Duk yaron da ƙanwata ta auna ya warke, rai ne aka ceto. Amma agaji yana da ubangida, kuma ubangidan yana da nasa lissafi. Tun 1970 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa ƙasashe masu arziki mizanin kashi 0.7 cikin 100 na abin da suke samu, ƙalilan ne suka taɓa cikawa. Ingila ta cika a 2013, ta rage zuwa 0.5 a 2021, a 2025 kuma ta ce za ta sauko zuwa 0.3. Amurka ta rufe hukumar USAID, wadda aka kafa tun 1961, a watan Yulin 2025. Ba wanda ya nemi shawarar uwar da ke layi a Jibiya. Mu ma da namu alkawarin da ba mu cika ba. A Abuja aka taru a 2001 aka ce kowace ƙasar Afirka ta ware kashi 15 cikin 100 na kasafinta ga lafiya, gwamnatin tarayyarmu ba ta taɓa kaiwa ba. A 2022 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, jihar Sakkwato ce kan gaba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kuma kada wani ya zaci nan aljanna ce. An share dazuzzuka masu yawa don manja, 'yan asalin daji da ake kira Orang Asli sun rasa filaye. Kusan duk waɗanda FELDA ta zaunar Malayawa ne, Indiyawan da kakanninsu suka tatsi roba a manyan gonaki da yawansu an bar su a baya. Aikin wahala a gonaki yanzu baƙi ne ke yi, daga Indonesiya da Bangaladash da sauransu. FELDA kanta ta faɗa cikin bashi har gwamnati ta fitar da farar takarda a kanta a 2019. A dogayen benayen masu ƙaramin ƙarfi, irin waɗanda nake wucewa kullum a nan Cheras, binciken UNICEF na 2018 ya gano cewa kimanin yaro 1 cikin 5 na 'yan ƙasa da shekara 5 ya tsumbure. Ɗan Tun Razak ɗin ma, Najib, wanda shi ma ya yi firayim minista, kotu ta same shi da laifi a 2020 kan badaƙalar da ta shafi asusun 1MDB, aka kai shi kurkuku a 2022. Ɓarna a ko'ina akwai ta. Abin lura dai shi ne an kai shi.

To ƙanwata, ga amsata gwargwadon fahimtata. Agaji magani ne na ciwo, ya kan tsayar da jini. Amma tushen talaucinmu yana cikin tambayoyi 3 da tarihin nan ke ta maimaitawa: gonar ta wace ce, nawa ke komawa hannun wanda ya noma, kuma wa zai tsare jami'in da ya ci kuɗin rijiya? Inda aka amsa su, ko da rabi da rabi ne kamar nan, kuɗin waje ya yi amfani har aka wayi gari ba a dogara da shi. Inda ba a amsa ba, ko an zuba nawa ne, kwando ake cikawa da ruwa. Aikin da kika yi ba asara ba ne, kuma ilimin da kika samu naki ne, ba wanda zai janye shi.

Baffa, ina roƙon alfarma. Gonar kaka ta bakin rafi har yau ba ta da takarda ko ɗaya, kuma mu magada mun haura 20. A zauna a wannan rani a rubuta iyakokinta da rabon kowa a gaban dagaci da shaidu, a fara neman takardar hukuma. Abin da ya kama na kuɗi zan aiko da nawa kaso, in sha Allahu. Ku kuma samari masu taron matasa na unguwa, in ɗan takara ya zo da shinkafa da atamfa, ku karɓa in kuna so, amma ku tambaye shi kasafin asibitin garinmu nawa ne, kuma wa ya sa hannu aka fitar.

A gaishe mini da Inna, a ce mata kuka da daddawar da ta aiko sun iso lafiya, har Pak Cik ya ɗanɗana miyar, ya yi ta shan ruwa saboda yaji. A gaida yara duka. Wanda ya ga kuskure a abin da na rubuta, musamman dattawan da suka ga zamanin sikeli da idonsu, don Allah ya gyara mini. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya jiƙan magabatanmu.

Sai wasiƙa ta gaba.

Naku,
ɗan'uwanku a Cheras, Kuala Lumpur.